Kifin Kududdufan Birnin Zazzau

Yawancin kududdufan da ke cikin ganuwar Zazzau ramuka ne da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini. Da damina su kan cika, tarwaɗa ta yi ta hayayyafa a ciki, gama tana shaƙar iska, ruwa ko ya gurɓace ba ya kashe ta.

Abin da ke ɓata wannan arziki shi ne zuba magimfa, da jan taru mai ƙananan idanu. Magimfa ba ta zaɓe, manya da 'ya'ya duka ta kan kashe, baɗi a tarar da kududdufi wayam. Lalle masunci ya haƙura sai rani, ruwa ya janye, kifi ya ƙosa, sa'an nan ya shiga da koma.