Ina Ruwan Ƙoramunmu Yake Tafiya?

Kowace damina mukan ga ƙoramun Kankiya da Kusada sun cika sun batse, bayan kwana biyu kuma sai rairayi kawai. Shin ina wannan ruwa yake tafiya?

Da farko mu sani cewa ƙasarmu tudu ce, tsayinta ya wuce mita 500 daga bakin teku. Ba mu da manyan duwatsu irin na Jos, amma tudun nan da ke kan iyakar Katsina da Kano yana raba ruwa kamar yadda doron jinka ke yi. Ruwan da ya gangara gabas yakan faɗa kogin Gari a Jihar Kano, ya nufi kwarin Haɗeja da Tafkin Chadi. Wanda ya gangara yamma da arewa kuwa rabon kogin Rima ne.

Mu bi na arewa mu gani. Ƙananan ƙoramu sukan haɗu su zama kogin Gada. Shi ne aka tare a madatsar ruwa ta Jibiya. Daga can ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, inda ake ce masa Gulbin Maraɗi, sannan ya komo Nijeriya ta Jihar Sakkwato ya shiga Rima. Na yamma kuma kogin Karaduwa ke kwashe su zuwa madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983, daga nan sai Bunsuru, sai Rima. Rima ta kai su kogin Kwara, Kwara ta kai su Tekun Atlantika.

Me ya sa suke ƙafewa da rani? Domin ruwan sama kaɗai ke ciyar da su, shi kuwa yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Amma ba duka ke wucewa ba. Rairayi yakan ɓoye wani a kan dutsen da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa masu lambu da makiyaya ke tona tsakiyar ƙorama su sami ruwa.

Ga darasin da ke ciki: mu ne a bakin mafari. In muka sare itatuwan gaɓa, ko muka kwashe yashi ba kan gado, ruwa zai yi gudu ya haƙa kwazazzabai a gonakinmu, ya kai laka ta cike Zobe da Jibiya. Manomin Maraɗi ma sai ya ji a jikinsa, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka a hutun nan kowannenmu ya bi ƙoramar garinsu, ya tambayi dattawa sunanta da inda ta nufa, ya zana taswirarta, ya kuma dasa ko da itace ɗaya a bakinta.