Lugude da Agogon Mashigin Murya

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san lugude: mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, wannan taɓarya na shiga waccan na fita. Muddin ɗaya ta yi gaggawa, to taɓare sun haɗu. A wannan maƙala za mu ari wannan hoto domin mu bayyana wani al'amari na wayar tarho, watau yadda ake saita agogo a na'urar da za mu kira mashigin murya. Ita ce ke haɗa layin kamfanin waya da wayoyin cikin ma'aikata waɗanda muryarsu ke bin hanyar kwamfuta.

Layin da aka saba amfani da shi a Nijeriya da Turai shi ne E1. Yana da gurbi 32. Gurbi na 0 na daidaita jeri ne, na 16 na saƙon buga waya da katse ta, sauran 30 ɗin su ke ɗaukar magana. (Amurkawa nasu T1 ne, mai gurbi 24.) Gurabun nan 32 su ne jeri ɗaya, kuma jeri 8,000 ke wucewa a kowane sakan. Mai saiti zai fara da gaya wa na'ura irin layin, da tsarin jerin, ko mai CRC-4 ne ko maras shi, da salon HDB3. Wannan duk kwafe ne daga abin da kamfanin waya ya ba shi. In ya kuskure, layin ba ya ma tashi, nan take zai gani.

Kuskuren agogo shi ne mai ɓoyo. Na'urorin Cisco, alal misali, suna ba mutum zaɓi biyu a kowace kafa: ko ta bi bugun da ke zuwa ta layi, ko ta bi agogon cikinta. Idan ɓangarorin biyu kowa ya bi nasa, layi zai tashi, magana za ta wuce, amma ɗaya na zuba jeri fiye da yadda ɗayan ke kwashewa. Can sai a yar da jeri guda, ko a maimaita shi. Wannan ita ce zamiya. Bari mu yi lissafi. An yarda agogon E1 ya kauce da kashi 50 cikin miliyan. Da irin wannan bambanci, za a yi zamiya kowane sakan 2.5. Agogon asali kuwa, wanda ƙa'idar G.811 ta ce kada ya kauce fiye da kashi 1 cikin biliyan 100, biyu irinsa sai su yi kimanin kwana 70 kafin zamiya ɗaya. Kunne na jin zamiya kamar ɗan ƙas, ya wuce. Fakis ba ya yafewa: takarda ta fito da yanka, ko kiran ya katse.

A zamanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, lokacin da 060 ce lambar Sakkwato, wannan damuwar injiniyoyin gidan waya ce. Tun daga 2001 kamfanoni suka yawaita, sa'an nan mashigin murya ya shigo ofisoshi, nauyin ya faɗo kan ma'aikacin gida.

A ɗauka wata ma'aikata a Sakkwato tana da kafa biyu, ɗaya zuwa kamfanin waya, ɗaya zuwa tsohon akwatin rarraba kira na cikin gida. Daidai shi ne kafar farko ta bi layi, a ɗora dukan na'urar a kan wannan bugu, sa'an nan kafa ta biyu ta miƙa shi ga akwatin, shi kuma ya bi. In layukan na kamfanoni biyu ne, dole a zaɓi ɗaya ya zama na gaba, ɗayan na jiran ko-ta-kwana. A ganina, wanda ya gama saiti kada ya gamsu da koriyar fitila. Ya share ƙididdigar kafar, ya dawo bayan kwata ɗaya na awa, ya duba ko adadin zamiya na nan a sifiri.