Tallafin Karatun Jami'a: Amanar da ke Wuyan Mai Bayarwa da Mai Shaida

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A duk shekara idan muka buɗe karɓar takardun neman tallafin karatun jami'a, mukan lura da abu guda mai damun rai: ɗalibin da ya fi kowa buƙata, sau da yawa takardarsa ba ta isowa hannunmu. Yana da ƙwazo, yana da sakamako mai kyau, amma ƙafarsa kan sare tun kafin ya kai bakin ƙofa. Darasinmu na bana a kan wannan yake, domin masu bayarwa da kwamitocin masallatai na ƙasashen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su san inda hannunsu zai fi amfani.

Zakka daban, wakafi daban

Tallafin nan daga taska biyu yake fitowa, kuma kowace da hukuncinta. Zakka tana da masu cin ta guda takwas, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade. Ɗalibi yana shiga cikinsu ne ta ƙofar talauci, ko ta ƙofar bashin da ya yi masa katutu. Zaman mutum ɗalibi kaɗai ba ya halatta masa ita. Haka kuma a mazhabar Imamu Malik ana raba zakka a inda ta wajaba, ba a kai ta nesa da ta kai tazarar ƙasaru sai idan can an fi buƙata. Ke nan zakkar ɗan kasuwar Shinkafi, 'ya'yan talakawan yankinsa ne suka fi cancanta da ita.

Wakafi kuwa yana bin sharaɗin mai shi. Wanda ya tsayar da hayar shagonsa ya ce a kashe ta kan 'yan mata masu karatun aikin jinya, ko kan marayun garinsu, ba mu da ikon karkatar da ita zuwa wani wuri. Malamanmu na Malikiyya sun halatta wakafi na ƙayyadajjen lokaci, don haka mutum na iya tsayar da amfanin gonarsa na shekara huɗu ko biyar, gwargwadon tsawon digiri guda, sannan ta koma hannunsa. Da irin wannan dukiya aka riƙe Azhar ta Misira ƙarni bayan ƙarni.

Inda ɗalibi ke tuntuɓe

Mu ɗauki misalin yaro daga Birnin Tsaba da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tun 1983. Kafin ya cika fom ɗinmu, sai ya mallaki lambar shaidar zama ɗan ƙasa ta NIN, domin tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da ita. Sai ya zauna jarrabawar a kan kwamfuta, wataƙila bai taɓa taɓa ta ba. Sai ya samo sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit ɗin da ake buƙata, da takardar haihuwa, da shaidar ƙaramar hukuma, da takardar samun gurbi.

Kowace takarda a nan tafiya ce, kowace tafiya kuma kuɗin mota ce a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba. Wanda aka kora daga ƙauyensu, takardunsa suka ƙone ko suka salwanta, sai ya je kotu ya yi rantsuwa kafin a saurare shi. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe makarantu aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara. Ɗan mai hali ya ƙetara wata jiha ya cika fom ɗinsa. Ɗan talaka ya zauna har wa'adi ya wuce.

Aikin kwamitin masallaci

A nan ne nauyi ya hau kanku, ya ku iyayenmu limamai da dattawan unguwa. Mu takarda muke gani, ku kuwa gida kuke gani. Kun san wanda mahaifinsa ya rasu, kun san wadda uwarta ke dakau don ta biya kuɗin jarrabawa. Sa hannunku a kan fom shaida ce, kuma za a tambayi mai shaida ranar gobe. Kada kunyar maƙwabci ko girman wani ya sa a rubuta mawadaci cikin mabuƙata, domin gurbin da ya ci na wani maraya ne.

Muna roƙonku abu uku. Ku sanar da buɗe tallafin bayan sallar Juma'a, kuma ku aika saƙo cikin gidaje domin 'yan mata su ji. Ku wakilta matashi mai ilimi guda ya zauna da masu nema ya duba cewa sunan da ke kan NIN ya yi daidai da na sakamakon jarrabawa, gama harafi ɗaya kan jawo wa ɗalibi asarar shekara. Sannan ku tambayi mai nema ko ya karɓi bashin karatu na NELFUND da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 2024. Wancan rance ne da za a biya, namu kyauta ne, amma sanin haka zai hana a biya wa mutum ɗaya kuɗin makaranta sau biyu alhali wani na jira.

Ga masu bayarwa

Da yawanku kun fi son ku biya kuɗin rajistar jami'a, kuma alheri ne babba. Sai dai muna shawartarku ku ware wani kaso na wakafinku domin matakin farko: kuɗin fom na JAMB, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, da na samo takardu. Kuɗi ne kaɗan, amma da shi ake rarrabe wanda zai shiga layi da wanda ba za a taɓa jin sunansa ba. Idan kuma kun ɗauki ɗalibi, ku yi niyyar kai shi gaci, domin barinsa a aji biyu ya fi masa ciwo a kan rashin farawa.

Allah Ya karɓi zakkarku, Ya dawwamar da ladan wakafinku, Ya dawo da zaman lafiya ƙasarmu, Ya sa ilimin yaranmu ya amfani al'umma. Amin.