Haɗarin Dillalan da ke Alkawarin Fitar da Kuɗin Fansho Kafin Lokaci

Kuɗin fansho, wato abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci kowane wata tare da kason da mai ba shi aiki ke ƙarawa domin ya samu abin dogaro idan ƙarfinsa ya ƙare, doka ce ta ɗaure shi da shekaru da sharuɗɗa, kuma wannan ɗaurin ne 'yan damfara suka mayar hanyar cin abinci. A birni mai tsadar rayuwa kamar Libreville ta ƙasar Gabon, inda kuɗin haya da na makaranta da na asibiti kan taru a kan magidanci lokaci guda, ba abin mamaki ba ne mutum ya saurari wanda ya ce yana da ɗan'uwa a cikin ofis da zai fitar masa da haƙƙinsa tun bai kai shekarun ritaya ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne yadda tsarin Gabon yake. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suna ƙarƙashin asusun CNSS, wanda tushensa dokar kare jin daɗin ma'aikata ce ta shekarar 1975, su kuwa ma'aikatan gwamnati asusun CPPF ke kula da su. Dukansu biyu suna tafiya ne bisa tsarin rabo, wato abin da masu aiki suka zuba a bana shi ake biyan tsofaffin bana da shi, don haka ya fi kama da adashi, inda kowa ke jiran ranar kwasarsa, fiye da asusun ajiya na banki. Babu wani ƙunshin kuɗi da aka rubuta sunan ma'aikaci a kansa wanda za a iya buɗewa a asirce; abin da yake da shi haƙƙi ne da ke nuna idan shekarunsa suka cika, kuma watannin zubinsa suka kai adadin da doka ta nema. Duk wanda ya ce zai fitar da wannan kuɗi da wuri, to abin da babu shi yake sayarwa.

Irin wannan ciniki bai cika wuce fuska uku ba. Mafi sauƙinsu shi ne karɓar kafin alƙalami, inda dillali ke neman a tura masa kuɗin buɗe takardu ta Airtel Money ko Moov Money, daga nan lambarsa ta daina shiga. Wanda ya fi shi muni shi ne na takardun jabu, a ƙara wa mutum shekaru a takardar haihuwa ko a samo masa shaidar likita ta ƙarya da ke cewa ya nakasa, alhali sunan ma'aikacin da sa hannunsa ne a kan takardar, ba na dillali ba. Ƙirƙirar takardar jabu da amfani da ita laifi ne a dokar hukunta laifuka ta ƙasar, kuma idan asiri ya tonu ana iya dakatar da fanshon, a nemi a mayar da abin da aka karɓa, a kuma gurfanar da mutum gaban alƙali. Ga baƙo kuwa, ko katin zamansa na iya shiga haɗari. Fuska ta uku bashi ne da ruwa mai nauyi wanda aka canza wa suna, inda mai ba da bashin ke riƙe katin banki da lambar sirri har sai ya ƙoshi, abin da Musulmi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane riba ce.

Gaskiya ne cewa jinkirin biyan tsofaffi da matsalar kuɗi da ta sa gwamnati ta ɗora CNSS a hannun shugabancin riƙon ƙwarya a watan Yunin 2022 sun raunana amincewar jama'a, kuma da wannan tsoron ne dillalai ke farauta, suna cewa gara mutum ya kwashi nasa tun asusun bai durƙushe ba. Sai dai mutanen Libreville sun riga sun ga ƙarshen irin wannan romon baka. A shekarar 2015 kamfanin BR Sarl, wanda ya yi ta alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, ya rushe da ajiyar mutane kimanin 18,000, kuma waɗanda abin ya shafa sun shafe shekaru suna bin ofisoshi da kotuna. Haƙƙin da ke kan asusun gwamnati, ko da ya yi jinkiri, akwai wanda za a tuhuma a kansa, amma kuɗin da aka miƙa wa ɗan damfara da hannu ba kasafai yake dawowa ba.

Hausawan da suka yi aikin albashi a Nijeriya kafin su zo Gabon lamarinsu daban ne, domin dokar fansho ta 2014 ta ba kowane ma'aikaci asusu na kansa, inda yake zuba kashi 8 cikin ɗari na albashi, mai ba shi aiki kuma kashi 10. Ƙofofin halas a nan sanannu ne: wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, kuma ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari ba, sannan tun 2022 hukumar kula da fansho, PenCom, ta yarda a yi amfani da kashi 25 wajen biyan kason farko na bashin mallakar gida. Ana neman waɗannan ne kai tsaye daga kamfanin da ke kula da asusun, ba tare da biyan la'ada ga kowa ba, kuma nisan gida ba hujja ba ce ta miƙa wa wani lambar asusu ko hoton katin shaida ta WhatsApp. Ko a Birtaniya, inda aka daɗe ana fama da wannan damfara, wanda ya cire kuɗinsa ba bisa ƙa'ida ba harajin da ke hawa kansa na iya kai kashi 55 cikin ɗari, kuma tun Janairun 2019 aka haramta kiran mutane a waya haka kawai don tallar fansho.

Abin da ya dace ma'aikaci ya yi shi ne ya je ofishin CNSS ko CPPF da ƙafarsa, ya nemi takardar da ke nuna watannin da aka zuba masa, domin sau da yawa asarar da ta fi girma ita ce kason da mai aiki ya cire bai kai asusu ba. Idan rashin lafiya ce ta hana shi aiki, doka ta tanadi fanshon nakasa da na gajiyar jiki kafin lokaci, bisa binciken likitocin da asusun ya amince da su. Idan kuwa bashi yake buƙata, ya tabbatar cibiyar tana da lasisi kuma tana ƙarƙashin sa idon COBAC, hukumar kula da bankunan Afirka ta Tsakiya, wadda mazauninta ke nan Libreville. Wanda ya riga ya faɗa hannun dillali ya daina tura kuɗi, ya canza lambar sirrinsa, ya adana saƙonni da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sandan binciken laifuka, kuma ya sanar da asusun tun kafin a shigar da wata takarda da sunansa. Ya kamata limamai da shugabannin Hausawa, daga kasuwar Mont-Bouët har unguwar Akébé, su riƙa faɗakar da jama'a a kan wannan a masallatai da wuraren taro, domin kunya ce ke hana yawancin waɗanda aka cuta buɗe baki.