Ciyawar ado a gidan da ake kiwon kaji

Mai kiwon kaji kan ji tsoron dasa ciyawar ado a tsakar gida, kada kaji su ci su mutu. Tsoron ya fi ƙarfin haɗarin. Yawancin ciyayin nan, irin su jema da gamba da ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, dangin gero ne, kuma tsattsagar ganyensu ba ta kashe kaza. Tushen jema mai duhu ma mafaka ne ga 'yan tsaki idan shirwa ta kawo sura. Abin da ke yin ɓarna shi ne yadda ake kula da ciyawar. Kazar da ke tsagar ganye daga tushe guntu-guntu take yanka, amma idan aka yi aski aka bar dogayen ganye a ƙasa, sai ta haɗiye su ɗungurungum, su cukurkuɗe a jakar abincin da ke wuyanta, ta kumbura ta daina ci. Don haka a share yankakken ganye nan take, a ajiye musu tsakuwa ƙanana domin niƙa a ƙundu.

Wani zai ce ai gyauron dawa na kashe dabba. Gaskiya ne, sabon tohon dawa na ɗauke da guba, musamman bayan fari, shi ya sa bai kamata a sa dawa kusa da akurki ba. Maganin feshi kuwa ya fi kowace ciyawa illa, sai a tsare kaji tsawon kwanakin da aka rubuta jikin kwalbar. Sabon dashe a kewaye shi da ragar waya har saiwa ta kama, don tonon kaji na tumɓuke shi.