Ma'ana da Amfanin Aikatau "Zoom in" a Ingilishi

Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci a Yamai yakan yi tuntuɓe da aikatau na Ingilishi mai tafe da harafin rakiya, domin Faransanci ba shi da irin wannan gini. "Zoom in" na daga cikin waɗanda suka fi yawo a bakin masu ɗaukar hoto da masu wayar salula.

Asalin kalmar "zoom" kwaikwayon sauti ne, wato rugugin abu mai wucewa da gudu. Matuƙan jiragen sama sun yi amfani da ita lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya masu ɗaukar fim suka are ta. A wurinsu, "zoom in" shi ne a murɗa gilashin kyamara har abin da ke nesa ya cika hoto, alhali kyamarar ba ta gusa daga inda take ba. Kishiyarsa shi ne "zoom out". Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa da mai da hankali kan ɓangare guda na wani batu.

Ta fuskar nahawu, aikatau ne ƙi-karɓau. Idan za a ambaci abin da aka nufa, sai an ƙara "on", kamar a jimlar "She zoomed in on the Kennedy Bridge". Wanda ya saba da "zoomer sur" yakan rubuta "zoom on the bridge", ya zubar da "in", wanda kuwa shi ke nuna alƙibla.

Kowane harshe da inda yake ajiye wannan alƙibla. Ingilishi na sa ta a harafin rakiya, kamar yadda Leonard Talmy ya bayyana a 1985. Faransanci na juya ta da ɗafa-goshi: "zoomer" da "dézoomer". Hausa kuwa a ƙarshen aikatau take sa ta, a giredi na 6 na rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960: ja da jawo, tura da turo. Shi ya sa Bahaushe ke cewa "jawo hoton kusa".

A nan fahimtar ta sha bamban. A Ingilishi mai kallo ne ke kutsawa wajen abin, a Hausa abin ne ke tahowa wajen mai kallo. Mai fassarar da ya mayar da "zoom in" zuwa "shiga cikin hoto" ya bi kalma ya bar ma'ana. Abin da ya kamace shi shi ne ya fara gano wanda ke motsi a tunanin masu harshen, sannan ya zaɓi aikatau.