Darasi Don Ƙungiyoyin Manoma: Shirin Kai Amfanin Gonarmu Wurin Nuni a Kaduna

'Yan'uwa manoma na Damari da kewaye, darasinmu na wannan wata a kan nunin amfanin gona ne. A karanta shi a taron ƙungiya, sa'an nan a tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

Ina ake nunin?

Tun shekarar 1979 ake cin Kasuwar Baje Koli ta Duniya a Kaduna. Ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu da manoma ta Kaduna, wato KADCCIMA, ita ce take shirya ta, galibi a farkon shekara, a filinta da ke kan hanyar Zariya. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23, kuma irin wannan taro dama ce ga kowacce ta nuna albarkar ƙasarta. A wurin nuni akan naɗa alƙalai su zaga rumfuna, su duba kaya, su ba da lambar yabo. Rumfar Birnin Gwari ba za ta fi abin da ƙauyuka irin namu suka aika mata ba.

Me ya sa ya shafe mu?

Kowa ya san ƙasar Birnin Gwari ƙasar masara ce. Amma shekara da shekaru, in an ambaci sunanmu a birni, 'yan bindiga da daji ake tunawa. A 2022 mutanen Damari da yawa sun bar gida da gona sun gudu. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin jiha ta yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Ɗan kasuwar da ya daina zuwa wurinmu ba zai komo don magana ba, sai ya ga hatsi da idonsa. Saboda haka lambar yabo ƙaramin abu ce. Babbar riba ita ce mai saye ya rubuta sunan ƙungiyarmu, ya neme mu da kaka.

Yadda za a shirya

1. A zaɓa tun a gona. Kafin girbi a bi kunya kunya, a ɗaura ƙyalle a jikin karan da ya yi goyo mai kyau, wanda bawonsa ya rufe kan masarar ruf. Kada a ɗauki wadda ta faɗi ƙasa.

2. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ko bakin titi ba. Danshi yana kawo fumfuna, wata fumfunar kuwa tana haifar da dafin da ake kira afulatoksin, mai lalata hantar mutum. Kamfanonin abincin kaji sukan ƙi hatsin da yake da shi.

3. A gwada bushewa. A sami busasshiyar kwalba, a zuba masara da busasshen gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza, a bar ta kamar minti 15. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta bushe ba tukuna. Danshin masarar ajiya kada ya wuce kashi 13 cikin 100.

4. A gwada tsiro. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa har kwana 7. A rubuta yawan waɗanda suka tsiro.

5. A ajiye cikin buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda iska ba ta shiga. Ƙwari suna mutuwa a ciki ba tare da an zuba magani ba.

6. A rubuta takarda ga kowane kaya: sunan ƙungiya, ƙauye, sunan iri, ranar shuka, takin da aka sa, da buhu nawa aka samu a eka. In irin SAMMAZ ne na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a rubuta lambarsa. In irin gida ne, a faɗi haka, ba abin kunya ba ne.

7. Kada a manta da aikin mata: man kaɗe, daddawa, busasshiyar kuɓewa da kuka. Haka nan zuma, a tace ta a zuba a kwalba mai tsabta.

8. A ga malamin gona na Ƙaramar Hukuma tun da wuri, a ji ranar tattara kaya da batun mota. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda suka yi noman da hannunsu, su tsaya a rumfa su amsa tambaya.

Gargaɗi

Akwai jaraba guda ɗaya da ya kamata mu faɗe ta a fili. Wani zai ce a je kasuwa a sayo mudu biyu na masara mai kyau a kai da sunanmu, ko kuwa a tsince ta ƙwaya ƙwaya har ta fi abin da ke rumbu. To, in mai saye ya gani ya ce a kawo masa buhu 200, me za mu auna masa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da ya kwance buhu ya ga tsakuwa da ƙwari, ba ƙungiyarmu kaɗai zai guda ba, har da maƙwabtanmu. Abin da muka nuna ya zama shi ne abin da za mu iya sayarwa. In hatsinmu na bana bai isa nuni ba, mu je mu yi kallo, mu yi tambaya, mu komo mu gyara na baɗi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane amfanin gona ne ƙungiyarmu za ta iya tara buhu 50 nasa iri ɗaya, mai kyau ɗaya?
2. Mu nawa ne muke rubuta ranar shuka da yawan abin da muka girbe?
3. In an sami lambar yabo ko mai saye, yaya za a raba amfanin don kada a yi rigima?

Aikin wannan mako: kowane ɗan ƙungiya ya zo taro na gaba da masara cikin gwangwani ɗaya daga rumbunsa. Magatakarda ya kawo kwalba da gishiri, a gwada ta kowa a gaban jama'a.